Jinin da Ya Kwana Cikin Dandurma

Tallajata, wato firiza, ita ce ta farko da ta shigo garinmu bayan an ja mana wuta daga madatsar ruwan Rusairis. Doguwa ce mai murfi a sama, irin wadda in ka buɗe sai hayaƙin sanyi ya taso maka a fuska. Don sana'ar dandurma na saye ta: in jiƙa karkade, wato zoborodo, ko tsamiya ko kuka, in zuba sukari, in ƙulla a 'yan ledoji, su kwana su daskare, da hantsi in kai bakin makaranta. Amma kafin in ankara ta zama tallajar gari. Mai naman layya ya kawo, mai man shanu ya kawo, har wata tsohuwa ta taɓa kawo mini goronta wai in ajiye mata kada ya bushe. A wurin mutanenmu, duk abin da ya shiga cikinta ya tsira, kuma can ƙasa inda sanyi ya fi tsanani nan ne wurin manyan kaya.

Babban mai wannan imani shi ne maigidana. Fataucin kifi yake yi daga bakin kogi zuwa kasuwannin Damazin, kuma ya sha zubar da kifi a rami saboda zafi kafin ƙanƙara ta wadata. Shi in ka ji yana yabon ƙanƙara sai ka ce surukarsa ce. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, ba na barin magana ta kwana a cikina, don haka kullum muna cikin 'yar tsama da shi a kan kifinsa da ke sa mini ƙarni a dandurma.

A daminar da nake ba da labari, ɗiyarmu ta fari ta dawo gida goyon ciki. Ba zan faɗi sunanta ba, ban saba ba. Haka muka tashi muka tarar, 'yar fari ba a kiran sunanta, ba a nuna ana sonta. Ni nakan ce "yarinyar nan," babanta kuwa ko wannan ba ya cewa, sai dai "ita." Tun tana goye bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Mijinta yana can arewa wurin haƙar zinariya, inda waya ba ta shiga sai an hau dutse, don haka duk wata shawara a kanta ta dawo hannun uban.

Cikin ya tsufa sai ta fara zubar da jini. Muka kai ta asibiti a Damazin. Likita ya duba ya ce mabiyiya ce ta sauko ta tare hanya, ba za ta haihu da kanta ba sai an yi mata aiki, kuma aikin zai ci jini. Ya ce shi ba zai taɓa wuƙa ba sai ya ga ledar jini a ajiye, kuma kada mu yi tunanin ɗaukarta zuwa wani gari, don jijjigar mota kaɗai ta isa ta ƙarasa ta.

Jini kuwa ai ba mu ɗauke shi matsala ba, dangi gare mu kamar ƙasa. Mota guda suka cika suka zo, kowa yana naɗe hannun riga. Aka gwada na kowa, ba wanda ya dace. Yarinyar da ke aiki a ɗakin gwajin jini ce ta zaunar da ni ta yi mini bayani. 'Yar Maiwurno ce, siririya mai gilashi, Hausarta duk facin Larabci, amma tana ƙoƙari saboda ni. Ta tambaye ni ko an taɓa ƙara wa ɗiyata jini. Na ce an yi, tana ƙarama, lokacin da zazzaɓi ya kusa tafiya da ita. Ta ce to tun daga nan jikinta ya koyi ƙin yawancin jini, ga shi kuma dama nata irin wanda ba a cika samu ba ne. Ta aika da ɗan jinin ɗiyata Khartum, wani ɗakin bincike na masu ilimin jini, suka gano irinsa, suka ce a ci gaba da nema cikin dangi na kusa. Da aka bi, sai ga shi a jikin yayana da ke Hasahisa. Shi kuma ciwon kwankwaso ya hana shi zaman mota, sai aka ɗibi jinin a can, aka ce a turo mai ɗauka.

Maigidana ya tafi. Suka ba shi leda ɗaya cikin akwatin sanyi, suka ce ya riƙe ta da sanyi, kada zafi ya taɓa ta. Ko sun ƙara da wani abu, bai riƙe ba. A hanya ruwa ya tsare su, bas ta kafe a laka bayan Abu Na'ama, kafin a fitar da ita ƙanƙarar akwatin ta fara zama ruwa. Garinmu a kan hanya yake, ya sauka da la'asar, babu motar Damazin sai da safe. Ni ina asibiti, ba wanda zai ce masa kul. Bawan Allah ya buɗe tallajata, ya tona dandurma har ƙasa, ya kwantar da jinin yayana a wurin manyan kaya, ya jera karkade a kai, ya rufe.

Da hantsi sai ga shi ya shigo ɗakin gwaji, jallabiya fara fes, rawani ya zauna daram, yana tafiya kamar wanda ya dawo daga yaƙi da ganima. Ina tsaye a wurin. Ya fito da ledar, ya ƙwanƙwasa ta a kan tebur don mu ji, ta ce ƙwas.

Ya ce, "Ga shi nan. Ko ɗigo bai narke ba."

Yarinyar ta cire gilashinta ta mayar. Ta ce, "Baba, mi anka yi wa jinin nan?"

Ya ce, "Kiyaye shi na yi, ɗiyata. A tallaja ya kwana."

Ba ta ɗaga murya ba, ni da ta ɗaga ma ya fi mini sauƙi. Ta ce mu jira. Da ledar ta saki, ta ɗibi kaɗan a 'yar kwalba, ta sa a injin da ke juyawa, ta sa wata kwalbar ta jinin wani mai lafiya kusa da ita. Da ta fito da su ta ɗaga mana a hasken taga. Mai lafiyar ya rabu biyu, ja ya kwanta a ƙasa, sama ruwa ne garau mai ɗan rawaya. Namu kuwa ja ne tun daga sama har ƙasa, sak karkaden da nake sayarwa.

Ta ce jan da ke cikin jini ba a sake yake ba, a ƙulle yake cikin wasu 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani, su ne ke kai numfashi ko'ina a jiki. In jini ya daskare, ruwan da ke kewaye da su ne ke fara zama ƙanƙara, gishirin da ya rage ya yi yawa ya tsotse su, ga kuma tsinin ƙanƙarar yana sukarsu. Ana narkarwa sai su fashe, jan ya zube. Ta ce in aka sa wa mutum wannan, ba abin da zai ƙara masa, ƙodarsa ma zai lalata.

Na ce, "To a tace shi mana, a ɗebi mai kyaun."

Ta ce, "Inna, babu mai kyau. Ma'alesh, ki yi haƙuri."

Abin da na yi a barandar asibitin nan, har yau masu shara suna tuna ni da shi. Na ce masa, "Malam, jinin ɗan'uwana ka mayar kifi? Tsoho mai ciwo ya kwanta an zuƙe shi, kai ka kai ka binne cikin dandurma! Wa ka tambaya? Waya ba ta aljihunka? Kai komai ƙanƙara, komai ƙanƙara, to ga ƙanƙara nan, sai ka shiga ka ba ta ta sha!" Mata suna riƙe ni ina fizgewa. Shi kuwa ya tsaya riƙe da akwatin da babu komai a ciki, daga baya ya juya ya fita ya zauna a gindin wata bishiyar dogon yaro da ke bakin ƙofa. Na rantse a raina ni da shi magana ta ƙare.

Na buga wa yayana waya ina kuka. Ya ce a zo a sake ɗiba, ko duka ne a kwashe. Likitocin can suka ce ina, mutum mai shekarunsa sai ya yi watanni kafin a sake taɓa shi. Yarinyar nan kuwa jinin ya dawo mata. Na shiga na same ta kwance, leɓɓanta sun yi fari, tafin hannunta kamar an wanke da toka. Ta ce, "Inna, an kawo?" Na ce ana shiryawa. Na juya ina gyara mata zane don kada ta ga fuskata. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba.

Bayan azahar yarinyar ɗakin gwaji ta aiko a kira ni. Tun safe take kan waya. Ta ce mutanen Khartum da suka gano irin jinin suna da leda biyu irinsa a ajiye. Ba sa fitar da shi sai in an rasa mai bayarwa, yanzu kuma an rasa, sun yarda. Na ɗaga hannu zan yi hamdala sai ta ƙara da cewa ya daɗe a wurinsu, a daskare yake.

Na ce, "A mi? Ke yarinya, kada ki maishe ni mahaukaciya. Ba ɗazu kika ce sanyi ya kashe namu ba?"

Ta yi 'yar dariya, ta farko da na gani a bakinta. Ta ce, "Inna, kin san gilisirin?"

Wace mace ce ba ta san gilisirin ba? Shi muke shafawa a faso da kaushi, mai kauri, in ya taɓa harshe ka ji zaƙi. Ta ce to shi ne, amma mai tsabta na asibiti. Kafin su daskarar da jini sai su riƙa zuba shi a hankali suna gauraya, ya ratsa cikin ƙwayoyin, ya riƙe ruwan da ke ciki da waje. In sanyi ya zo, ruwan ba ya samun damar yin tsini, gishiri ba ya taruwa wuri ɗaya, ƙwayoyin su yi ta barci shekara da shekaru ba abin da ya same su.

Tana magana ni kuwa hankalina ya tafi tallajata. Shekarar da sukari ya yi wuya na riƙa tsuke hannu, dandurmar ta riƙa fitowa kamar dutse, ledoji suna fashewa, jan karkaden ya tattaru wuri ɗaya, yara su tsotse shi su bar farar ƙanƙara su jefar. Wadda ta ji sukari kuwa ko ta kwana nawa a ƙasan tallaja laushinta na nan, launinta bai rabu ba. Na faɗa mata haka. Ta ce ba daidai-daidai ba ne, amma na kama hanya, kusan aikin ke nan. Wallahi sai na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji.

Ta ce saura yardar uba, tunda mijin ba ya nan. Ta fita da kanta ta same shi a gindin bishiya. Ba ta jima ba ta dawo tana girgiza kai. Wai ya ce ba da yawunsa ba. Jinin da ya taɓa ƙanƙara ba zai shiga jikin ɗiyarsa ba, ya gani da idonsa, ba mai sake gaya masa.

Kun ji mutumin. Jiya ƙanƙara ce maganin komai, yau ita ce mutuwa. Rantsuwar da na yi ta rashin magana ko yini ba ta yi ba, na ja mayafi na fita, yarinyar tana biye da ni.

Na ce, "Malam, so kake ka kashe ta sau biyu?"

Ya ɗago. Idanunsa sun yi ja, ban taɓa ganinsu haka ba. Ya ce, "Hajiya, ki faɗi duk abin da kike so, na cancanta. Amma ni na ga kwalbar nan. Da hannuna na yi. Ba zan sa hannu a sake ba."

Na sassauta, na zauna a kan tushen bishiyar, na kwashe zancen gilisirin da na dandurma mai sukari da marar sukari na faɗa masa. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Ita ba dandurma ba ce." Sai ya juya wurin yarinyar ya ce, "To na ji. Shi man kaushin, da shi za a ɗura mata a jijiya?"

Ni ban ma yi wannan tunanin ba. Yarinyar ta tsuguna a gabansa ta ce a'a, Baba, tambayarka ita ce rabin aikin. In aka sa mata shi da gilisirin a ciki, ruwan jikinta zai ruga cikin ƙwayoyin su kumbura su fashe, a koma gidan jiya. Don haka in za a yi amfani da shi sai a narkar da shi da sauri cikin ruwa mai ɗumin jiki, sannan a wanke. Wankin ma ba a yi da gaggawa. Ruwa mai gishiri sosai ake fara sawa, ya jawo gilisirin waje, a juya a inji a zubar, a sa wanda bai kai shi gishiri ba, a sake zubarwa, a haka har a sauko kan gishiri daidai na jikin mutum, ruwan wankin ya fita garau.

Sai ya ce, "Kamar kifin gishiri ke nan. Ba a sauke shi a ruwa ɗaya, sai an yi ta canjawa."

Ta ce, "Kusan haka, Baba."

Ya ce, "In an wanke, kina iya ɗaga mini shi a taga kamar na ɗazu, in gani?"

Ta ce tana iyawa, kuma ko bai tambaya ba sai ta gwada kafin a sa. Amma akwai sharaɗi: daga lokacin da aka wanke shi yini da kwana kawai yake da shi, kuma a hanya sanyi yake so, ba daskarewa ba. Mutanen Khartum za su shirya akwatin su liƙe, mai ɗauka ba abin da zai yi sai ya kawo.

Ya miƙe ya kakkaɓe jallabiyarsa. Ya ce, "Na yarda. Ni zan ɗauko."

Na ce, "Kai wa? La ilaha illallahu! Duk garin nan an rasa ɗan aike sai kai?" Na fara lissafa ƙannena da 'ya'yan maƙwabta. Yarinyar ta dafa hannuna ta ce, "Inna, bar shi. Duk wanda za ki aika zai iya ajiye akwatin ya je shan shayi. Baba ba zai ajiye ba." Na dube shi, na dube ta. Raina bai so ba ko kaɗan, amma na bar shi, ya kama hanyar tasha ko gida bai koma ba.

Ya kwana a Khartum wurin wani ɗan garinmu. Da asuba masu ɗakin binciken suka narkar suka wanke, suka ba shi, ya hau bas ta farko. Wannan yinin ban san yadda na yi shi ba. Na zauna kusa da gadon ɗiyata ina yi mata fifita, ina jin ana kiran sallar azahar, ana kiran la'asar. Wayarsa in na buga ba ya ɗauka. Zuciyata ba irin abin da ba ta kawo mini ba: ya buɗe akwatin don ya duba, ya ga ƙanƙarar ta yi kaɗan ya sayi ƙari a Sinja ya danna, ya yi barci an sauke shi a wani gari. Likita ya leƙo ya duba ta, ya dubi agogo, ya fita. Ita kuwa muryarta ta yi ƙasa, sai na kai kunne. Ta ce, "Ina Baba?" Na ce yana hanya. Ta ce, "Kada ki ƙara yi masa faɗa." Ashe duk abin da na yi a baranda ta ji.

Rana ta yi sanyi ina tsaye a bakin ƙofar asibiti sai ga wata buɗaɗɗiyar mota ta tsaya, irin mai ɗaukar buhuna. Wani tsoho yana zaune a baya, kai ba hula ba rawani, rungume da wani farin ƙunshi. Sai da aka kama shi aka sauko da shi na gane mijina ne. Tunda aka kawo ni gidansa ban taɓa ganin kansa a waje ba rufi ba. Rawanin ya warware ya naɗe akwatin da shi, hular ma ya cusa ta gefen da rana ke bugawa. Daga baya na ji bas ɗin ta lalace a hanya, ya roƙi mai motar buhuna ya ɗauke shi, ya yi sauran tafiyar a buɗe cikin rana. Bai ci ba, bai sha ba, sallolinsa a zaune ya yi su da akwatin a cinya. Wayar tana ta ƙara a aljihu, bai yarda ya saki hannu ɗaya ya ɗauka ba.

Bai dube ni ba, ya wuce ɗakin gwaji. Yarinyar ta warware rawanin, ta duba liƙin yana nan yadda aka yi shi, ta yanke. Ledoji biyu, masu sanyi, masu laushi, jinin yana motsi a ciki. Ta ɗiba, ta sa a inji. Muka tsaya muna kallon injin yana juyawa. Da ya tsaya ta fito da kwalbar, ba ta ko duba ba ta miƙa masa, ta ce, "Baba, ɗaga da kanka." Hannunsa ya ƙi miƙewa, ya sandare a yadda ya rungumi akwatin, sai ita ta ɗaga masa a taga. Ja a ƙasa, sama garau.

Na zube a wurin na yi sujada a kan simintin ɗakin gwaji, ban damu da wanda ke kallo ba.

Ta gama sauran gwajinta da jinin yarinyar nan, ya dace. Kafin magariba aka shiga da ita ɗakin aiki. Leda biyun duka sun shiga jikinta, likita ya ce da babu su da labari ya sha bamban. Aka fito da jaririya mace, 'yar mitsitsiya mai ƙarar murya, ungozoma ta ce wannan bakin na kakarta ne. Da aka bar ni na shiga, uwar ba ta gama farfaɗowa ba, amma na kama hannunta na buɗe tafin, na ga jan ya fara dawowa. Na tsaya ina kallon tafin hannun nan ina kuka ina dariya, kunyar 'yar fari duk na manta da ita.

A baranda na ci karo da yarinyar ɗakin gwaji tana shirin tafiya gida, rawanin yana hannunta a ninke. Ta raɗa mini cewa akwatin an yi shi ne don rana, ko ba rawani ba abin da zai sami jinin. Na karɓi rawanin na ce, "In kika faɗa masa, ni da ke ne." Ta rufe baki tana dariya ta wuce.

Maigidana yana zaune a benci cikin 'yan'uwa da maƙwabta da suka zo. Fatar kansa ta ƙone, ta yi sheƙi, har ta fara tashi. Na fita bakin ƙofa wurin wata mai dandurma, na zaɓi wadda ta fi tauri, irin ta masu rowar sukari. Na dawo na tsaya a kansa, na naɗe ta a bakin mayafina na ɗora masa a tsakar kai. Ya zabura.

Na ce, "Zauna, Malam. Nan ne wurin ƙanƙara."

Ya zauna. Ruwan yana gangaro masa ta goshi, bai share ba. Ya ɗago ya dube ni, sai ya tambaye ni ko ta farka. Da sunanta ya tambaya, a gaban duk mutanen nan. Rabon da in ji sunan a bakinsa tun ranar da aka raɗa mata shi.

Na ce, "Ta farka. Kai take tambaya. Tashi mu je."